Hausa Ma Tana da Nahawu

Ƴan'uwana na Garagumsa, cikin ɗalibaina akwai masu ce mini: "Malam, mene ne amfanin karatun Hausa? Ai da ita aka haife mu." Suna ganin Faransanci kaɗai ne ilimi.

To, ku saurara. A ƙasar Sifaniya akwai wani yanki, Kataloniya, mai harshensa daban da Sifaniyanci. Wani malaminsu, Pompeu Fabra, ya rubuta nahawun harshen a 1918, da ƙamus a 1932. Daga 1939 Janar Franco ya hana shi a lakwal da ofis. Amma littattafan suna nan, iyaye suna magana da ƴaƴansu. Bayan mutuwar Franco a 1975, harshen ya koma lakwal, don an riga an san yadda ake rubuta shi.

Hausa ma tana da dokokinta. Dubi "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Ƴar lanƙwasa guda ta canza magana. A 2025 Nijar ta ɗauki Hausa harshen ƙasa. Wanda ya iya rubuta ta daidai, ba ya kai sirrin gidansa wurin mai rubuta wasiƙa. Ku zo aji da matanku.