Yamai zuwa Damagaram bisa babban babur: wace taya ta dace da hanyarmu?

Wani abokina, ɗan kasuwa a Maraɗi, ya sayo babban babur na hannu, samfurin BMW R 1200 GS, irin wanda Turawa ke ɗaure wa akwatuna su ƙetare ƙasashe. Babur ɗin ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, aka kawo shi Yamai bisa kamyo. Da yake littafinsa da Faransanci aka rubuta, sai Alhaji ya neme ni in karanta masa, daga nan kuma ya ce in hau baya mu kai shi gida. Na yarda. Abin da ya fi burge shi a jikin babur ɗin ba inji ba ne, tayoyi ne: manya, masu haƙora kamar na tarakta. Ya shafa su, ya ce da ni: "Malam, da waɗannan har Bilma."

Ban ga laifinsa ba, domin wannan mafarki a ƙasarmu aka haife shi. Manyanmu sun ga tseren Paris-Dakar yana ratsa Nijar a shekarun 1980, lokacin da Hubert Auriol ya ci a 1981 da 1983 bisa BMW, Gaston Rahier kuma ya ci a 1984 da 1985. A 1983 kamfanin Yamaha ya sa wa wani baburinsa sunan Tenere, sunan da har yanzu yake sayar masa da babura a duniya. A 1997 tseren ya taso daga Dakar, ya juya a Agadas, ya koma. A 2000 kuwa, saboda barazanar tsaro, daga Yamai aka kwashe ƴan tseren da jiragen sama zuwa Libiya. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, amma hoton mutum a tsaye bisa babur yana keta rairayi bai bar zukatan mutane ba. Shi ne ake saye idan an sayi taya mai haƙora.

To amma ina Alhaji yake zuwa a zahiri? Maraɗi, Ƙonni, Yamai, Damagaram, wani lokaci Ɗan Isa a bakin iyaka. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita wajen 890 ne bisa hanya mai lamba 1, wadda ake kira hanyar haɗin kai, kuma kwalta ce tun daga farko har ƙarshe, ko da yake ba ko'ina take da lafiya ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, cikin watan Afrilu. Kafin mu kai Kure, inda raƙuman dawa suke, na riga na san haƙoran nan da jikina. Suna kuka kamar injin niƙa, kujera tana karkarwa, sai mun yi ihu kafin mu ji juna. Wannan dai ƙaramar damuwa ce. Babbar ta zo mana bayan Doso, a mashigar wani ƙauye kafin Dogon Dutsi, inda jaki ya fito daga bayan danga ya tsaya a tsakiyar hanya, kamar yadda jakuna suka saba. Alhaji ya danne birki. Na ji na'urar da ke hana ƙafa kullewa tana bugawa kar-kar-kar, babur yana ta tafiya, bai tsaya ba sai da muka zo dab da wutsiyar jakin. Muka sauka muka zauna a gindin wata bedi, ba mai cewa uffan.

Dalilin ba boyayye ba ne. Babur ɗin shi kaɗai, da mai a tanki, ya kai kilo 230. A ƙara mutum biyu da kaya, an haura 400. Duk wannan nauyi yana tsaye ne bisa wuri biyu, kowane bai fi tafin hannu ba. Idan taya mai sumul ce, kusan dukan tafin nan roba ce da ke riƙe da kwalta. Idan mai haƙora ce, wajen rabinsa fili ne, sauran kuma haƙora ne masu tsawo da ke lanƙwashewa idan aka taka birki ko aka kwanta a kwana. A cikin rairayi ko taɓo, haƙoran nan suna nutsewa su kama ƙasa, aikin da aka yi su dominsa ke nan. A kan kwalta ba su da abin kamawa, sai dai su yi ta murzawa, su yi zafi, su cinye. Matafiya da yawa sun shaida cewa ta baya, a ƙarƙashin babur mai nauyi irin wannan, takan ƙare cikin ƴan dubban kilomita, alhali mai sumul takan ninka haka, wani lokaci fiye.

Mun isa Birnin Ƙonni da azahar, rana tana tsaka. A wannan wata zafin iska yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, ba a iya taka ta ba takalmi. Alhaji ya taɓa tayar baya, ya ji ta kamar tukunya, ya ce a rage mata iska kada ta fashe. Wani dattijo mai faci da ke bakin tasha ya girgiza kai. Ya ce: "Alhaji, kada ka yi. In ka rage yanzu, sai ta ƙara zafi." Na buɗe littafi, na tarar abin da Baba ya faɗa shi ne a rubuce, sai dai da dogon Faransanci. Ana auna iska ne taya tana sanyi, da safe kafin a tashi. Idan an yi tafiya iskar takan hau da kanta, kuma masu ƙera taya sun sa wannan cikin lissafinsu. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke lotsawa a kowane juyi, lotsawar ta haifi zafi, zafin ya raba roba da zarenta. Ga wannan babur, da mutum biyu da kaya, bar 2,5 ake so a gaba, 2,9 a baya. Na lura ma'aunin Baba ya tsufa ƙwarai; tun ranar na ce da Alhaji ya nemi nasa ya riƙa sawa a aljihu.

Daga Ƙonni zuwa gaba kaɗan sai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu zuwa arewa, ta haɗu da hanyar uraniyom da aka gama a 1980, mai zuwa Agadas da Arlit. Alhaji ya nuna ta da haɓa. Gaskiya ne, wanda abincinsa ke kan wannan hanya lissafinsa dabam ne, domin ta yi shekaru tana lalacewa a wurare da dama, har direbobi suna barin kwalta su bi gefe. Amma a shekaru goma na kasuwancinsa, sau nawa Alhaji ya wuce Tawa? Sau ɗaya, kuma a bas.

A Galmi muka shiga cikin manyan motocin albasa. Nan ma akwai darasi. Inda kamyo ke yawan tsayawa, kwalta takan yi kwari biyu kamar kunyar gona, gazuwal ya zuba, ƙura ta rufe shi. Haƙoran gaba suna bin kwarin nan, kan babur yana rawa a hannun mai tuƙi. Muka wuce Madawa da Gidan Rumji, muka shiga Maraɗi bayan magariba, kilomita wajen 660 a bayanmu, kunnuwa suna ƙara.

Washegari, a shagonsa, na roƙe shi ya yi wa tafiye-tafiyensa irin lissafin da yake yi wa buhunan shinkafa. Ya jawo littafi, ya rubuta duk inda ya je a shekarar da ta wuce. Cikin kowane kilomita goma, tara kwalta ce. Ɗayan shi ne hanyar burji zuwa kasuwannin ƙauye da gonarsa. Rairayi na gaske, irin na Tenere, babu ko taki ɗaya. Su ma masu ƙera taya da irin wannan lissafi suke sayarwa: akwai 90 da 10, watau kashi 90 kwalta, 10 ƙasa, akwai 80 da 20, kamar Michelin Anakee Adventure, akwai rabi da rabi, kamar Heidenau K60 Scout ta Jamus, wadda ta yi suna wajen daɗewa, sannan masu haƙora sosai, irin Continental TKC 80. Waɗannan lambobi ba doka ba ce, ba kuma wata hukuma ta auna su ba, kowane kamfani nasa yake faɗi. Amma suna nuna alƙibla.

Nan ne na saɓa da abin da mujallun Turai ke ba da shawara. Su da sun ga tara cikin goma, sai su ce a sa mai sumul ƙwarai. Amma kwaltarsu ba tamu ba ce. Tamu tana da ramuka masu kaifin baki, tana da hanyar ratse duk inda ake gyara, iska tana shimfiɗa mata rairayi da rani, korama tana jibge mata yashi da damina. Taya mai sumul ƙwarai, idan ƙafar gaba ta hau yashin nan a kwana, zamewa take ba sallama. Saboda haka na ce ya tsaya a tsakiya, wajen 80 da 20: zane mai zurfi da faɗi, amma ba haƙora ba.

Sauran aikin karatu ne, kuma a gefen taya yake. A ta baya an rubuta 150/70 R 17 69V. Lamba 150 faɗinta ne da milimita. 70 na nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin. R na nuna yadda aka shimfiɗa zarenta. 17 girman ƙarfen ƙafa ne da inci. Lamba 69 tana nufin tana ɗaukar kilo 325, harafin V kuma gudu har kilomita 240 a awa. Ba wanda zai yi wannan gudu tsakanin Tibiri da Maraɗi in yana son ƴaƴansa, amma lambar nauyi kam ba a wasa da ita, musamman mu da ba mu san babur ya yi tafiya ba kaya ba. Ta gaba ita ce 110/80 R 19 59V, kilo 243. Kada lamba 17 ta ruɗi mai saye: ƙananan baburan da suka cika garuruwanmu su ma da yawa ƙafarsu 17 ce, amma tayarsu siririya ce, ba a yi ta don wannan nauyi ba.

Akwai kuma wata lamba da ta fi muhimmanci ga wanda ke sayen taya ta hannu, kuma mu da yawa ita muke saye. Bayan haruffan DOT, a ƙarshen layi, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Tun daga 2000 ake rubuta huɗu. Wadda ke da uku kacal ta girmi wasu masu tuƙin. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa, tana tsattsagewa, ranar ƙasarmu kuwa tana gaggauta mata. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma, kome kyan zanenta. Da muka duba na Alhaji, ta gaba ta haura shekara takwas. Ya yi shiru, na tabbata jakin nan ya tuna.

Sai batun ƙaya, wadda ba matafiyin da ya tsira daga gare ta: ta aduwa, ta bagaruwa, ga ƙusoshin kasuwa. Ƙafafun wannan babur ba sa bukatar tiyub, kuma wannan alheri ne. Idan ƙaya ta shiga, iska takan fita a hankali, a toshe ramin daga waje da ɗan igiyar roba mai danƙo, a buga iska a ci gaba, ba tare da an kwance ƙafa ba. Mai tiyub, kamar tsohuwar Honda Africa Twin 750, idan ta huje takan sace nan take, abin da ke da haɗari ƙwarai ga ƙafar gaba. Sai dai kowane mai faci a ƙauye ya iya tiyub, kuma idan rami ya lanƙwasa bakin ƙarfen ƙafa, marar tiyub ba za ta ƙara riƙe iska ba. Don haka mai hankali yakan ajiye tiyub guda a ƙasan akwati, ya fitar da shi daga daji.

Tayoyin ba a samu a Maraɗi ba. Sai da aka yi aike, aka jira makonni. Kuɗin biyun ya wuce albashin wata na ma'aikata da yawa da na sani, shi ya sa daɗewar taya a wurinmu ba ƙaramin zance ba ne. Alhaji ya so ya sauya ta baya kaɗai. Na hana shi, domin an tsara su ne su yi aiki tare, kuma ta gaban ita ce tsohuwa.

Sun iso cikin watan Yuni, an fara ruwa. Muka kama hanyar Damagaram, kilomita wajen 235, ta Agye da Gazawa da Tasawa. Ɗari na farko a hankali muka yi, saboda sabuwar roba tana da santsi sai ta goge. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru: muna hira kamar muna zaune a zaure. Bayan Tasawa hadari ya same mu, kwalta ta jiƙe, ruwan farko mai taso da maiƙo, amma babur bai ko girgiza ba. Kafin Takeita sai ga yashin da korama ta kwaso ta zuba a kan hanya, tsawon taki wajen talatin. Nan ƙafar gaba ta yi lilo, zuciyata ta yanke. Alhaji bai taɓa birki ba, ya riƙe mai daidai, muka fita. Da haƙora ne da ba mu ji kome ba a wurin, wannan dole in faɗa.

Mun shiga Damagaram da la'asar, duwatsun nan nata sun yi jawur bayan ruwa. A lungunan Birni, wajen fadar Sarki, rairayi ya yi laushi har na sauka na bi shi a ƙasa, shi kuma yana jan ƙafa biyu, yara suna bin mu da dariya. Tsohuwar tayar gaba ya bai wa masu yin takalma. Ta baya kuwa, da yake da sauran haƙora a jikinta, ya sa an naɗe ta da buhu an ajiye a ɗakin da rana ba ta shiga, ya ce ko Allah zai sa wata shekara ya je bikin gishiri na Ingal.