Daga Agege zuwa Birnin Kudu a kan Boxer: kwana 5, ni da Yayana

1/ Jiya wani ya yi tambaya a nan: wace tafiya ce mafi tsawo da ka taɓa yi a kan babur? Na ga ana ta rubuta Kano zuwa Zariya, Dutse zuwa Haɗeja. Ni tawa daga Agege ce a Legas har ƙofar gidanmu a Birnin Kudu. Sama da kilomita 1,200, kwana 5, da goyo a baya. Ban taɓa ba da labarin ba don akwai abin kunya a ciki. Yau zan bayar. Ku biyo ni 🧵

2/ Shekarar 2022 ce. ASUU ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, muna zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Daga majalisa sai latsa waya. A lokacin nake bin labarin Kunle Adeyanju, mutumin nan da ya taso daga Landan a kan babur don tara kuɗin yaƙi da shan inna. Ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, aka tarbe shi kamar ango. Ni ma har da yaɗa hotonsa, ina rubuta "gwarzo".

3/ Kwana uku bayan nan, 1 ga Yuni, dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. Babur ɗin da aka kama, murƙushe shi ake yi. Wannan labarin ban yaɗa shi ba, alhali shi ne ya shafe ni. Yayana ɗan acaɓa ne. A Agege yake kwana, a Ikeja yake nema.

4/ Ga abin kunyar. A makaranta idan aka ce min "me Yayanka yake yi a Legas?" sai in ce "yana harkar sufuri." In gyara murya, in canja magana. Kuma wallahi kuɗin rajistata, kuɗin ɗaki, har wayar da nake rubuta muku wannan da ita, duk daga bayan babur ɗin nan suka fito.

5/ Babur ɗin ma da tarihinsa. Bayan rasuwar Baba, Inna ta sa aka kai bijiminta na kiwo kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram aka sayar, ta haɗa da kwasar adashinta, aka saya wa Yaya Boxer sabuwa dal. Wato duk jarin gidanmu a kan taya biyu yake yawo.

6/ A makon farko na dokar aka biyo su a guje. Ya tsira da babur ɗin, amma ya faɗi a kwana, wuyan hannunsa na dama ya tsage. Wanda ya san babur ya san hannun dama shi ne totur, shi ne birkin gaba. Wani mai ɗori a Agege ya ɗaure shi, ya ce wata guda kada ya kama komai da shi.

7/ Zaɓi uku gare shi. Ya sayar: kowa sayarwa yake yi a lokacin, tayin da aka yi masa zagi ne. Ya loda a tirela: kuɗin da direba ya nema ya kusa cinye duk abin da ya rage masa, kuma bai manta da 2019 ba, lokacin da aka tare wata babbar mota a Legas ɗauke da 'yan Jigawa 123 da babura 48. Na uku: a tuƙo shi zuwa gida.

8/ Ya kira Inna, Inna ta kira ni. Ta ce, "Kai da kake zaune kana ɗumama tabarma, tashi ka je ka ɗauko ɗan'uwanka." Na iya babur, amma iyakata Birnin Kudu zuwa Gwaram in dawo. Na hau saman tirelar shanu daga Wudil, kwana biyu na sauka Legas ina warin kashin shanu.

9/ Na samu Yaya a ɗakin da su bakwai suke kwana. Ya rame. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan boko, za ka iya kuwa?" Na ce zan iya. Ya sa aka juye baƙin mai, aka ɗaure sarƙa, aka sa sabon filogi. Rasit da takardun babur ya naɗe a leda biyu ya cusa a cikin riga. Hular kwano ɗaya ce tal. Ya kifa min ita a kai, bai tsaya jin ta bakina ba.

10/ Maganar hanya ta ɗauke mu dare guda. Ta Mokwa zuwa Birnin Gwari ba ta biyuwa. Abuja zuwa Kaduna kuwa, a 28 ga Maris ɗin shekarar aka kai wa jirgin ƙasa hari. Ta Akure zuwa Lokoja sai an ratsa Owo, inda aka kashe gomman mutane a coci ranar 5 ga Yuni, kwanaki kaɗan kafin tafiyarmu. Samari biyu Hausawa a kan babur a can, a wannan makon? A'a.

11/ Sai muka tsayar: Abeokuta, Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Bida, Suleja, Keffi, Akwanga, Jos, Bauchi, Ningi, gida. Zagaye ne, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Dokokin Yaya uku: ba tafiyar dare, ba gasa da tirela, duk bayan awa ɗaya da rabi a tsaya inji ya huce.

12/ RANA TA 1. Kafin asuba muka fice ta Sango Ota, kafin gari ya waye a fara kame. Awa uku da farawa na gane tuƙin cikin gari daban, na dogon zango daban. Tafin hannu ya mutu, baya ya ƙage, mazaunai kamar an zuba barkono. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta kwashe mu kamar takarda. Yaya yana bayana yana cewa, "Saki kafaɗarka. Ba kokawa kuke yi da shi ba."

13/ Bayan mun wuce Oyo muka tarar an gicciya gungume a hanya. Mutane ne da sanduna, biyu da bindigar toka. Suka sauke mu, suka zazzage buhunmu a ƙasa: kayan sawa, tukunya, 'yar rediyo, takalman yara da Yaya ya saya wa 'yarsa. Ɗaya ya nuna ɗaurin hannun Yaya yana tambaya da tsawa, a ina ya samu rauni?

14/ Jama'a suka fara taruwa. Na san yadda irin wannan taron yake ƙarewa, duk mun sha gani a bidiyo. Tsoronsu gaskiya ne, an kashe musu mutane a makon. Namu tsoron ma gaskiya ne. Bakina na rawa na ciro katin makaranta, na yi musu bayani da Turanci tiryan-tiryan: ga rasit, ga lamba, ga dalilin tafiya.

15/ Wani dattijo a cikinsu ya karɓi katin ya juya shi, ya tambaye ni abin da nake karanta, ya ce ɗansa ma yana gida saboda yajin aikin. Yaya ya rusuna ya gaishe shi da Yarbanci, irin gaisuwar da ake yi wa manya. Dattijon ya yi dariya, ya sa aka janye gungumen. Har ruwan leda ya ba mu.

16/ Mun yi nisa ba mai magana. Can sai na ji Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Turancin nan naka da ya cece mu, ka san babur ɗin nan ne ya biya shi ko?" Da wasa ya faɗa. Ni kuwa sai da na ɗaga gilashin hular, don ya yi hazo. A Ilori muka kwana, a barandar wani masallaci.

17/ RANA TA 2. Gadar Jebba. Ranar na fara ganin kogin Neja da idona, ga faɗi, ga wani ƙaton dutse tsaye a tsakiyar ruwa. Da muka haye Yaya ya ce, "To, mun shigo inda in an zage mu za mu ji." Mai a lokacin lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, sai dai layi. Inda babu, mu sayi kwalba wajen 'yan bumburutu.

18/ Daga Mokwa zuwa Bida, daga Bida zuwa Lapai, ramuka ne da za su haɗiye akuya. Tireloli da tankoki sun yi jerin gwano, kana ratsawa tsakaninsu kana salati. Ruwan sama ya sauko, ramukan suka cika, ba ka sanin mai zurfi sai ka faɗa. Duk faɗawa ina jin Yaya ya ja numfashi ta haƙora saboda hannun. Bai ce komai ba.

19/ Dab da Lapai sarƙa ta tsinke. Muka tura kusan awa guda, ni a kan babur, shi da hannu ɗaya a baya. Wani bakanike Banufe har ya rufe rumfa, ya sake buɗewa, ya haɗa mana ita da fitilar waya. Da muka tambayi kuɗi ya ce mu biya na ƙarfen kawai, matafiyi ba a tsawwala masa.

20/ A daren nan, muna kwance a kan kwali, na ce, "Yaya, akwai abin da zan faɗa maka." Na gaya masa yadda nake ɓoye sana'arsa a makaranta. Ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci. Sai ya ce, "Na sani. Ranar da abokanka suka zo gida da Sallah ina zaure, na ji abin da ka ce musu."

21/ Na rasa inda zan sa kaina. Ya ce, "Ai ba ƙarya ka yi ba, sufuri ne. Kai dai ka gama karatun, kada wahalar ta tashi a banza. Kwanta, gobe akwai Abuja." Shi ke nan. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

22/ RANA TA 3. Lambata, Suleja, Zuba. Acaɓa haramun ce a tsakiyar Abuja, kuma ba wanda zai yarda cewa mu matafiya ne, don haka muka bi ta gefe gabana na faɗuwa har muka faɗa cunkoson Nyanya da Mararaba. Shingayen hanya kuwa na daina ƙirgawa. Wani ya duba takarda ya ce Allah ya kiyaye, wani sai an ba shi na ruwa. A Akwanga muka kwana.

23/ RANA TA 4. Hawan Kibo. Mutum biyu da buhu a kan Boxer, giya ta ɗaya, inji na kuka kamar zai yi magana. A gefen hanya ga gawarwakin manyan motocin da birki ya yaudara. Da muka hau tudun Jos sanyi ya shiga hannun Yaya, na ga hawaye a idonsa, ya ce iska ce. Na cire rigar sanyina na naɗe masa. Da la'asar muna Bauchi muna cin masa da miyar taushe.

24/ RANA TA 5. Daga Bauchi ana iya bi ta Darazo a shigo Gwaram ta Basirka, mu gaida kawunnanmu. Yaya ya ce a'a, damina ce. Duk ɗan yankinmu yana tuna Agustan 2021, lokacin da ruwa ya karya gada a wannan hanyar, mota ta afka, mutum sama da 20 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Muka bi ta Ningi.

25/ Daga Babaldu na fara hango duwatsunmu. Ni da na tashi ina hawa Dutsen Habude, ina kallon zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin dutse ba tare da na ɗauke shi komai ba, ranar ji na yi kamar in sauka in rungume dutse. An yi ruwa da dare, ƙasa na ƙamshi, mutane duk sun fita shuka.

26/ Muka tsaya a ƙofar gida na kasa sauka, ƙafafuna sun ƙi. Yara suka yi ta ihu. Inna ta fito, ta duba hannun Yaya, ta dube ni, sannan ta zagaya babur ɗin da ya yi butu-butu da laka, ta dafa tankin ta ce, "Bijimina ya dawo."

27/ Kwana uku ina kwanciya rub da ciki. Kwana biyar kacal na yi a kan kujerar nan. Shi ya yi shekara huɗu a kanta, daga asuba zuwa dare, cikin ruwa da rana da gudun kame, kuma duk ƙarshen wata sai na ji kuɗi sun shigo min, har in yi tsaki in sun yi kaɗan.

28/ Ga mai sha'awar irin wannan tafiyar: ku nemi hular kwano kowa da tasa, takardu cikakku, a duba sarƙa da taya kowace safiya, a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a shiga, magariba ta yi muku a cikin gari. Kuma kada ku ɗauki goyo mai karaya. Mu dole ce ta sa.

29/ Yanzu Yaya yana jigila tsakanin Birnin Kudu, Sara da Gwaram, ranar kasuwa har buhu yake ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da yake samu ya ragu sosai, hannun kuma yana tashi duk lokacin sanyi. Boxer ɗin tana nan, an sake mata inji sau ɗaya. Ita ta biya rajistata ta bana ma.

30/ Don haka ga amsar tambayar da aka sha yi min a makaranta, in ba ta yau a gaban kowa: Yayana ɗan acaɓa ne. Idan a gidanku akwai wanda yake kan babur don ku zauna a aji, ku kira shi yau ku gaishe shi. Allah ya tsare duk wanda ke kan hanya, ya sa mu gama mu sauke musu nauyi. Amin 🤲