Agogo Tsakanin Mutum da Na'ura a Wasan Ces

Ba a dogon zama kwamfuta ta fara kayar da gwanayen wasan ces, wato darar Turawa, ba. A wasan gaggawa ta fara. A shekarar 1994, a birnin Munich na Jamus, manhajar Fritz ta ci Garry Kasparov a wasan da ake ba kowa minti 5 kacal. A wannan shekarar dai, a Landan, Chess Genius ta fitar da shi daga gasar minti 25. Amma da aka yi zama na sosai a Philadelphia a 1996, inda kowa ke da awa 2 na yin motsi 40 na farko, Kasparov ne ya rinjayi Deep Blue da maki 4 da 2. Sai a 1997 na'urar ta rama.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda kowannensu ke cin moriyar lokaci. Na'ura lissafi take yi: a kowane matsayi akwai kimanin motsi 35 da za a iya yi, kowanne kuma yana haifar da wasu kamarsa. Rassan suna yaɗuwa da sauri ƙwarai, don haka ko an ninka mata lokaci, zurfin hangenta kaɗan yake ƙaruwa. Ɗan Adam kuwa ba ya bin dukkan rassa. Ido ne da ya saba da allo yake nuna masa motsi biyu ko uku, sai ya zauna ya auna su. Idan aka hana shi wannan zama, gwanintarsa tana nan, amma ya rasa damar kama kuskurensa kafin hannu ya kai ga ɗan wasa. Abin da agogo ke ƙwacewa ke nan, kuma ita na'ura ba ta mantuwa, ba ta firgita.

Sai dai kada a ɗauka lokaci maganin komai ne, ko da yake masu kishin ɗan Adam sun daɗe suna fakewa da wannan hujja. A birnin Bonn, a 2006, Vladimir Kramnik, zakaran duniya a lokacin, yana da sauran lokaci wadatacce a wasa na biyu da Deep Fritz, ya yi nazari a natse, ya motsa sarauniyarsa, bai ga cewa motsi ɗaya ya rage a kashe masa sarki ba. An tashi karawar Deep Fritz na da maki 4, shi yana da 2, bai ci ko wasa ɗaya ba.