Mai Bishara Na Karkarar Yako

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi kudu bisa hanyar Zariya, in ya ratsa ƙasar Bebeji ya doshi Kwanar Ɗangora, zai riƙa hango gidaje a warwatse cikin gonaki, ko wane da rumbunansa. Da yawa cikinsu na Maguzawa ne, ko na jikokinsu. Waɗansu sun musulunta, waɗansu kuwa sun shiga addinin Kirista. Tun daga Yako ta ƙasar Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa akan tarar da 'yan ƙananan majami'u na ginin ƙasa, inda ake sujada da Hausa tsantsa, gama masu yin ta ba su da wani harshe sai ita.

A ɗaya daga cikin gidajen nan aka haifi wani manomi. Ubansa yana da wurin tsafi a gindin tsamiya. Maguzawa dai ba su taɓa musun akwai Allah ba. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar sun yarda Allah ne ya yi kome, amma ba su yi masa yanka, sai iskoki. A ganinsu Allah kamar Sarkin Kano yake ga talakan ƙauye, an san yana can, amma da dagaci da mai unguwa ake hulɗa. Iskoki su ne dagatan. Ko wane da irin dabbar da yake so da launinta, a ba shi ya tsare gona da gida, a hana shi ya yi ɓarna. Watau ciniki ne sosai, ba rufa-rufa.

Manomin nan yana saurayi ya ji wa'azin masu bishara, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma. Ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ya sayi Littafi Mai Tsarki, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kanta. Ya bar giya, ya bar gindin tsamiya. Ko wace kaka yakan ware dami ɗaya cikin goma ya kai majami'a. Da jama'a suka ga himmarsa sai suka sa shi ya riƙa ja musu sujada, suna ce masa Malam. Shi kansa ya tabbata yana ƙaunar Allah. Abin da bai lura ba, ko da ya sake wanda yake kai wa kaya, cinikin yana nan yadda ubansa ya bar shi.

Sa'an nan aka shiga 1973, shekarar fari. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi kai ba. Da rani ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta ɗauke masa ɗansa na fari, yaro ɗan shekara huɗu. Daren da aka binne shi, matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, me muka rage masa?" Ya buɗe baki, bai sami abin faɗi ba. Kashegari baffansa, wanda bai taɓa barin tsafi ba, ya zo gaisuwa ya ce, "Ɗana, Inna ko kaza ka ba ta, tana jin kunyarka." Maganar nan ta zauna masa a ƙirji kamar dutse. Ran Lahadi yana ja wa mutane waƙa, amma baki kaɗai ke yi. Har ran wata kasuwa ya sayo baƙar akuya ya ɗaure bayan ɗaki, bai gaya wa kowa dalili ba, matarsa kuwa ba ta tambaya ba, don ta sani.

Akuyar tana ɗaure wani maƙwabcinsa Musulmi, malamin allo, wanda suka yi kiwo tare suna yara, ya zo ta'aziyya. Hira ta kai su ga zancen Allah. Malamin ya ce, "Maƙwabci, mu almajiri bai yi nisa ba sai an karantar da shi siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, kamar yadda Shehu Sanusi ya tsara su. Ku a naku karatun, yaya kuka san shi?" Ba da gatse ya yi tambayar ba. Manomi ya fara lissafa abin da Allah ya hana da abin da ya umarta. Malamin ya ce, "Wannan dokarsa ce. Shi nake tambaya." Nan ma ya rasa amsa. Kwana uku yana juya abin, ya ga shekara da shekaru yana bauta wa wanda bai san halinsa ba, yanzu kuma yana fushi da wanda bai san halinsa ba. Ya kwance akuya ya mai da ita kasuwa, kuɗinta ya yi kuɗin mota zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, shi da iyalinsa.

Da fari makarantar ba ta yi masa daɗi ba. Ya zo neman abin da zai sanyaya masa zuciya, sai aka ba shi alƙalami da littafin rubutu, aka ce za a fara ilmin tauhidi. Kalmar ma aro ce daga maƙwabta, Kiristocin Hausa suka ɗauke ta suka zuba mata nasu abin. Aka soma da halitta. Malaminsu ya ce in Allah ne ya yi kome daga babu, to, ba ya bukatar kome, wanda ba ya bukata kuwa da me za a saye shi? Damin da ake kai masa, ƙasar tasa ce, ruwan nasa ne, hannun da ya yi noman ma nasa ne. Suka karanta littafin Ayuba aya aya, manomi ya ga abokan Ayuba da ra'ayin baffansa suka zo, cewa ba a shan wuya sai an ci bashi, ya kuma ga a ƙarshe su aka tsauta wa. Suka shiga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda ake koyar da alheri, watau kyautar da ba a biya ba, ba a kuma iya biya. Cinikin ya rushe. Amma rushewarsa ba ta isa ba, gama Allah wanda ba ya bukatar kome yana iya zama ya fi na dā nisa.

Abin da ya buɗe masa ido ya zo ta inda bai zata ba, cikin darasin tarihi. Ana ba su labarin taron Nikiya na shekara ta 325, inda shugabannin ikilisiya suka yi shawara kan koyarwar Ariyus, wanda ya ce Almasihu halitta ne, mafi girman halitta, amma ba Allah ba. Manomi ya miƙe ya ce, "Malam, ina ruwan mai fartanya da gardamar Turawa?" Malamin ya yi murmushi ya ce Ariyus da Atanasiyus, babban mai ja da shi, duka a Iskandariya ta Masar suka yi aiki, ƙasar Afirka. Sa'an nan ya ce, "Yi tunani. In wanda aka gicciye wakili ne kurum, to, Sarki yana fadarsa, dogari ya aiko ya mutu. In kuwa abin da ikilisiya ta tsaya a kai ne, Allah da kansa ya shigo, ya san yunwa, ya san kabari." Manomi ya zauna. Ran nan bai rubuta kome ba.

Akwai masu cewa yawan karatu yana kashe bangaskiya, zuciya ɗaya ta isa. Maganarsu ba ta rasa kama, don an sha ganin wanda ya tafi makaranta da tawali'u ya komo da takarda da girman kai, yana wa'azi da kalmomin da tsofaffi ba su ji. Amma zuciyar da ba a koya mata ba, ba fanko take zama ba, abin da ta gada shi take riƙewa ta sa masa sabon suna. Wannan ne ya dami Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda kafin rasuwarsa a 1975 ya yi ta faɗakarwa cewa ikilisiyoyin Afirka suna ƙaruwa da yawa amma koyarwarsu ba ta da jini a jika. Sabo da irin wannan bukata aka buɗe kwalejin tauhidi ta Bukuru a 1959, da ta ECWA a Jos a 1980. Sai dai mutanen karkara irin na Yako, ƙananan makarantun Hausa su suka fi yi musu aiki.

Wani dare a can makaranta, bayan yara sun yi barci, ya ce wa matarsa, "Tambayar nan taki. Ba mu rage masa kome ba, ba kuwa bashi ya karɓa ba." Ta ce, "To, don me?" Ya ce, "Wannan ko Ayuba ba a gaya masa ba. Amma wanda muke kuka gare shi ya san abin da muke kuka a kai." Ta yi shiru har fitila ta kusa mutuwa, sa'an nan ta ambaci sunan yaron, abin da ba ta yi ba tun ran da aka binne shi.

Da suka gama suka komo gida, aka sa shi mai bishara. Ya fara zuwa wurin maƙwabcinsa malamin allo ya kai masa amsarsa. Suka wuni a zaure, ba wanda ya ja wani, suka rabu da fara'a. Da kaka ta yi ya ware dami ɗaya cikin goma kamar yadda ya saba, ya aza wa jaki. Baffansa, wanda tsufa ya riga ya kama, yana zaune gindin tsamiya, ya kira shi ya ce, "Ɗana, wannan karon me aka yi maka alkawari?"

Ya ce, "Ba kome, Baffa." Ya kora jakinsa.