Gonar da ta koma gidan dodanni

  Yau labarin wata gona na kawo maka. Gonar tana ƙasar Amurka. An daina noma cikinta, an koma sayar da tsoro. I, tsoro na ce. Mutum ya biya kuɗinsa a bakin ƙofa, ya shiga don a firgita shi. In bai firgita ba, ya fito yana cewa an cuce shi.

Bari in fara gaya maka lokacin da ake wannan ciniki. Mutanen Amurka suna da wani biki da suke kira Halowin. Ana yin sa daren 31 ga watan Oktoba. Asalinsa daga ƙasar Ailan ne da Sikotilan, can kusa da Ingila. Mutanen dā na can sun ɗauka cewa in an gama girbi, sanyi ya matso, fatalwa suna fitowa yawo a wannan dare. Da yunwa ta kori mutanen Ailan da yawa zuwa Amurka, daga 1845 zuwa gaba, sai suka tafi da al'adarsu. Yanzu abin ya zama wasa. Ana rarake kabewa, a yanka mata ido da baki, a sa fitila ciki. Yara su yi shigar dodo, su bi gida gida ana ba su alewa. In ka tuna da yaranmu masu tashe cikin azumi, ka kama hanyar ganewa.

To, ga gonar. A 1920 wani manomi, sunansa Walter Knott, shi da matarsa Cordelia, suka zauna wani gari da ake kira Buena Park, cikin jihar Kalifoniya. Abin da suke nomawa wasu ƙananan ƴaƴan itace ne masu laushi, masu zaƙi da ɗan tsami, waɗanda ba mu da irinsu a nan. Suka kafa rumfa bakin hanya suna sayarwa. A 1934 kuɗi suka yi wuya ko'ina cikin ƙasar. Sai matar ta fara soya kaji tana sayar wa matafiya. Ranar farko mutum 8 suka ci, kowa ya biya santi 65, wato bai kai dala guda ta Amurka ba. Kada ka haɗa ta da dalarmu ta tamma biyar, tasu ta fi nauyi nesa.

Kaji suka yi suna. Mutane suka riƙa yin layi, suna jira sa'o'i kafin su samu wurin zama. Maigidan ya ga masu jira suna gajiya. A 1940 sai ya fara gina musu abin kallo: kufai, irin na garuruwan masu haƙar zinariya da suka watse. Ga tsohon masauki, ga maƙera, ga gidan kaso. Daga baya aka ƙara jirgin ƙasa da lilo iri iri. A 1968 aka kewaye wurin da shinge, aka fara karɓar kuɗin shiga. Har yau sunansa Knott's Berry Farm, wato gonar Knott, ko da yake masu zuwa ba fartanya suke kawowa ba.

A 1973 aka fara bikin Halowin a wurin. Dare 3 kawai aka yi, daga 26 zuwa 28 ga Oktoba. Aka gayyato wani mai wasan ban tsoro a talabijin, wanda jama'a suka sani da suna Seymour. Aka shafa wa wasu ma'aikata fenti a fuska, aka sa su ɓuya cikin lungunan kufan nan. Mai wucewa na tafe, sai dodo ya yi tsalle gabansa.  Jama'a suka so abin, badi aka sake.

Yanzu fa? Ana farawa tun cikin Satumba, a yi ta yi har ƙarshen Oktoba, dare fiye da 20. Da rana wurin na yara ne da iyayensu. Da magariba ta yi sai a sauya masa suna, ya zama Knott's Scary Farm, gonar tsoro. Injuna su busa hazo har mutum bai ganin abin da ke gabansa. Dodanni wajen 1,000 su bazu. Dukansu mutane ne da aka ɗauka aikin ƴan makonni. Wasunsu suna ɗaura ƙarfe a gwiwa da hannu, su sheƙo da gudu, su zame bisa daɓe, wuta na tartsatsi, su tsaya daidai ƙafarka. Amma akwai doka: dodo ba ya taɓa baƙo, baƙo ba ya taɓa dodo.

Abin da ya fi jan hankalina cikin labarin shi ne, bikin bara ba ya zama na bana. Kowace shekara sai an sauya. Kuma kai manomi, ka riga masu wurin sanin dalili. Ka kafa mutum-mutumi cikin gonar dawa, ka sa masa tsohuwar riga. Kwana biyu, kwana uku, tsuntsaye na gudu. Kafin mako ya cika, sun gane. Wata rana ka zo ka iske jan-baki zaune bisa kansa. Dole ka matsar da shi, ka rataya masa gwangwani, ko ka aiko yaro da majajjawa. Tsoron da aka saba da shi ya tashi daga aiki. Mutumin da ya san lungun da dodo ya fito masa bara, bana dariya zai yi in ya iso wurin. Wanda ya yi dariya bana kuwa, badi ba shi sayen tikiti.

Don haka a 1977 suka gina gidan tsoro na farko. Gida ne mai lunguna da duhu, ka shiga ta nan, ka fita ta can, ba ka san abin da ke bayan kowace kwana ba. Yanzu ana samun irin waɗannan gidaje wajen 10 a shekara guda, kowane da labarinsa. Kowace shekara sai a rushe wasu, a gina sababbi biyu ko uku. Aikin ba ƙarami ba ne. Akwai masassaƙa, da masu ɗinki, da masu fenti, da masu gyaran wutar lantarki, suna shiri tun watanni kafin a buɗe ƙofa. Abin da aka sha wuya aka gina, bayan ƴan shekaru a kwance shi, ko da yana nan da ƙarfinsa, don kawai an san cikinsa.

Sai dai ɗan Adam ba tsuntsu ba ne. Tsuntsu ba ya kewar mutum-mutumin bara. Mutum kuwa yana yi. Akwai waɗanda ba su fashin bikin nan shekara da shekaru. Sun zo suna samari, yanzu suna zuwa da ɗiyansu. Su ne kan gaba wajen neman sabon abu, su ne kuma kan gaba wajen ƙorafi in an ɗauke tsoho. Wata mai wasa da ake kira Elvira ta fara fitowa a bikin a 1982, ta yi bankwana a 2017, mutane suka yi ta jimami kamar an yi musu rashi. Akwai kuma wani wasan dandali da ya daɗe ƙwarai, inda ake kwaikwayon mashahuran mutanen da suka yi abin kunya cikin shekara, a yi musu ba'a, a ƙarshe a yi kamar an rataye ɗaya. An yi shi a 2019, sannan aka ajiye shi. Masu son sa ba su yi shiru ba. A 2023, da bikin ya cika shekara 50, aka maido musu abinsu. Ka ga masu wurin suna tsakanin wuta biyu. In sun bar kome yadda yake, a ce sun tsufa. In sun sauya, a ce sun ɓata gado.

Wani sauyin kuma ba su ke zaɓensa ba. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe wuraren taro, ba a yi bikin ba sam, sai abinci aka sayar a fili. A 2022 samari suka yi faɗa cikin wurin wani dare na watan Yuli, har aka tashi kafin lokaci. Sai aka kafa doka a shekarar, wanda bai kai shekara 18 ba, ba shi shiga sai da babba mai shekara 21 ko fiye. Kuma ga wani abin dariya. A 2023 suka fara sayar da wata sarƙar wuya mai haske. In ka rataya ta, dodannin da ke yawo a fili su ƙyale ka. Ka biya don a tsorata ka, ka sake biya don kada a tsorata ka. Ko mai sayar da laya a kasuwa bai kai nan ba.

Amma sauyin da nike so ka tsaya ka duba da kyau, na 2016 ne.

A wannan shekara suka kawo wani sabon abu. Za a zaunar da kai bisa kujera, a ɗaure maka hannuwa, a sa maka wani tabarau na inji da ke rufe ido gaba ɗaya. Cikin tabaran nan sai ka ga kamar an kai ka asibitin masu taɓin hankali, ga wata majinyaciya ta kuɓuce tana ɓarna. Cikin sunan wasan suka sa lamba 5150. Wannan lamba ba ta banza ba ce. A dokar Kalifoniya, ita ce lambar sashen da ya ba da izni a tsare mutum a asibiti har sa'a 72, ko bai yarda ba, in ciwon hankali ya sa ana tsoron ya cuci kansa ko wani. Duk gidan da aka taɓa ɗaukar musu ɗa ko ɗiya ta wannan hanya, sun san lambar nan, kuma ba su manta ranar ba.

Iyayen masu ciwon da ƙungiyoyinsu suka tashi. Cikinsu akwai uwar da ɗanta ya kashe kansa bayan ya daɗe yana fama da ciwon. Akwai uban wani marar lafiya da ke kwana a titi, wanda ya mutu a 2011 bayan dukan ƴan sanda a Fullerton, garin da ke maƙwabtaka da wurin wasan. Maganarsu guda ce: ɗiyanmu marasa lafiya ne, ba dodanni ba. Da farko masu wurin suka cire lambar daga sunan. Mutane suka ce ba lambar kaɗai ba ce. Kafin watan Satumba ya ƙare, ƴan kwanaki bayan buɗewa, aka rufe wasan ɗungum.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu suka ce wasa ne kawai, wanda bai so ya zauna gida. Suka ce ai shekarun baya an sha gina gidan tsoro mai kamar gidan mahaukata a wurin, ba wanda ya hana. Wannan gaskiya ne. Amma ni ina bayan iyayen, kuma ga dalilina. Fatalwa da mayu na roba, da gawa mai tafiya, ba su da uwa a gari. In an tashi daga wasa, ma'aikaci ya wanke fuskarsa, dodo ya ƙare. Mai taɓin hankali kuwa yana nan gobe da safe. Yana bakin kasuwa, yana tashar mota, wataƙila yana ɗakin bayan gidan maƙwabcinka. Wanda ya kwana ana koya masa gudun sa, da safe ba shi miƙa masa ruwa. Kuma mai ciwon da ya ga yadda ake nuna irinsa, sai ya ɓoye, ya ƙi zuwa wurin likita, alhali ciwo ne da ake ba magani. Ba sai na kai ka Amurka ba kafin ka gane wannan. Ka taɓa ganin yara suna bin marar lafiya da jifa da waƙa, manya na zaune gindin itace suna kallo. Yaran nan ba da tsoronsa aka haife su ba, wurin wani suka koya.

Kada kuma ka ɗauka masu wurin sun yi haka don tsabar kirki. Kamfani ne. Tun 1997 iyalin Knott suka sayar da wurin ga wani babban kamfani mai suna Cedar Fair, wanda ya haɗe da Six Flags a 2024. Kamfani yana lissafi: in surutu zai rage masu zuwa, a rufe. Amma lissafin ya bi ta wannan hanya ne don wasu sun buɗe baki. Shekarun da ba a yi magana ba, ba a rufe kome ba.

Cordelia ta rasu a 1974, shekara guda bayan bikin farko. Walter ya bi ta a 1981. Ɗakin cin kajin nan da ta fara yana nan, a waje da shinge, ba sai ka sayi tikiti ba kafin ka shiga. Cikin watan Oktoba mutane kan ci kazarsu can da marece, su sha ruwan ƴaƴan itacen da suka yi wa gonar suna, su wanke hannu, sannan su je su bi layin ƙofar dodanni.