Ikilisiyar Silver Bluff: Waɗanda Suka Tafi da Waɗanda Suka Zauna

Duk wanda ya tashi a cocin Baptis a Najeriya ya san sunan Bowen. Tun a makarantar Lahadi aka koya mana cewa Thomas Jefferson Bowen ya sauka Badagry a 1850, ya zauna Ijaye da Ogbomosho, daga baya kuma ɗarikar ta biyo 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarbawa har ta iso mana Arewa. Shi ya sa da na kai ziyara Atlanta, kawuna, wanda dikon ne a cocinsu kuma son tarihi ya zame masa ciwo, ya ce ba zan koma gida ba sai na ga kabarin mutumin.

Muka yi sammako muka kama babbar hanya mai lamba 20, muka nufi gabas. Ƙasar Jojiya ja ce wur, dogayen itatuwa sun rufe hagu da dama, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗan Adam a ƙasa ba, kowa yana cikin mota. A garin Greensboro, wajen tsakiyar hanya, aka binne Bowen bayan rasuwarsa a 1875. Muka tsaya, Kawu ya cire hula ya yi addu'a, ba mu daɗe ba.

"Ɗana, wannan ka san shi tun kana ƙarami," in ji shi da muka koma mota. "Inda zan kai ka yanzu ba a koya muku shi ba."

Muka wuce Ogasta, muka haye kogin Savannah, muka shiga jihar Karolina ta Kudu. A bakin hanya wani dattijo baƙar fata yana sayar da dafaffiyar gyaɗa daga wata ƙatuwar tukunya. Da ɓawonta suke dafa ta, amma cikin ruwan gishiri, har sai ta yi luguf, a zuba maka a kofi ruwan yana ɗiga ta yatsunka. Na farko da na ɓare sai da na yamutsa fuska don gishiri, kafin mu isa Beech Island kuwa kofin ya ƙare. Ƙauye ne shimfiɗaɗɗe, gidaje jefi-jefi. Kawu ya ce yawancin baƙi gidan mawaƙi James Brown suke tambaya, don a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Majami'ar Silver Bluff ba ta da wani girman da zai sa matafiyi ya taka birki. Ba Lahadi muka je ba, ƙofa a rufe take, sai muka zagaya maƙabarta. Kaburbura ne na iyalai, suna ɗaya yana ta maimaituwa daga dutse zuwa dutse, kaka da ɗa da jika a jere. Wasu an ajiye musu furannin roba da rana ta koɗar, wasu duwatsun kuma rubutunsu ya shafe, sai ka shafa da hannu kafin ka gane shekara. Zafi mai ɗanko ya jiƙa mana riguna. A nan, a tsaye, Kawu ya warware mini labarin.

Kafin Amurka ta zama ƙasa, wani Bature ɗan Ailan mai suna George Galphin ya kafa sansanin ciniki a gaɓar kogin nan, yana sayen fatun barewa daga 'yan asalin ƙasar. Cikin bayinsa akwai David George, wanda aka haifa a Bajiniya wajen 1742, iyayensa kuwa daga Afirka aka kawo su. Tun yana saurayi ya gudu daga hannun wani mugun ubangida bayan ya ga irin bulalar da ake yi wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa. Ya zauna cikin ƙabilun Creek da Natchez, daga ƙarshe ya faɗa hannun Galphin. Tsakanin 1773 da 1775 wani mai wa'azi Bature, Wait Palmer, ya riƙa zuwa yana wa'azi a gidan niƙa na gonar Galphin ta Silver Bluff. Shi ya yi wa bayi 8 baftisma a rafin da ke juya injin niƙan, har da David George da matarsa Phillis da wani Jesse Peter, ya ce musu daga yau ku ikilisiya ce.

Ba a buƙatar fiye da haka a ɗarikar Baptis, kuma a ganina wannan ne ya sa abin ya kama cikin bayi. Ba sai an jira bishop daga birni ya ɗibiya wa wani hannu ba, ba sai an yi gini ba. Jama'a ne ke zaɓen mai yi musu wa'azi. Da yaƙin Amurka da Ingila ya ƙarato, iyayengiji suka hana masu wa'azi na waje shigowa don kada su kawo wa bayi labarin abin da ke faruwa, sai nauyin ya faɗa kan David George, wanda ko baƙi bai sani ba. Ya sayi littafin koyon haruffa, yaran Galphin suna gyara masa, har ya iya karanta Littafi Mai Tsarki. Mutum 8 suka zama sama da 30.

Ita ikilisiyar ta yau daga 1750 take ƙirga shekarunta, masana tarihi kuwa sun tsaya kan abin da takarda ta nuna. Na tsokani Kawu na ce, "To Kawu, ku wa kuka bi?" Ya ce mutane ba sa fara addu'a ranar da Bature ya rubuta cewa sun fara. Ni dai na fi karkata ga masanan, amma ban yi masa gardama ba.

A ƙarshen 1778 sojojin Ingila suka ci birnin Savannah. Galphin yana bayan masu neman ɓallewa daga Ingila, sai ya gudu ya bar gonar. David George da iyalinsa da bayi kusan 50 suka nufi wajen Ingilishi, waɗanda suka yi alkawarin 'yanta bayin abokan gabarsu. Amurkawa na kiran wannan yaƙi yaƙin neman 'yanci, amma mutanen Silver Bluff a sansanin Sarkin Ingila suka ga nasu 'yancin.

Daga nan ikilisiyar ta watse kamar irin da iska ta kwasa. George Liele, bawan da ya sha yi musu wa'azi, ya bi jiragen Ingilishi zuwa Jamaika da yaƙi ya ƙare, ya kafa coci a Kingston, kusan shekara goma kafin ɗan mishan William Carey ya tafi Indiya a 1793. David George kuwa aka kai shi Nova Scotia, cikin sanyin Kanada, a 1782. Ya gina ɗakin sujada a Shelburne, ya yi wa baƙi da farare baftisma, abin da ya jawo masa baƙin jini. A 1784 tsofaffin sojoji farare marasa aiki suka rushe gidansa da na wasu baƙaƙen fata, suka kore shi daga garin. A watan Janairun 1792 ya shiga ayarin mutum kusan 1,200 cikin jirage 15 zuwa Saliyo, su ne suka kafa Freetown, shi kuma ya kafa cocin Baptis na farko a nahiyar Afirka. Shekara 58 ke nan kafin Bowen ya taka Badagry. A Freetown David George ya rasu a 1810.

Duk wannan mun san shi dalla-dalla ne domin David George ya je Ingila a 1793 ya ba da labarinsa da bakinsa, wani fasto a Landan, John Rippon, ya buga. Wanda ya tafi ya sami marubuci. Su kuwa waɗanda suka zauna, su ne suka tsaya mini a rai tun a maƙabarta, kuma don su Kawu ya ja ni gidan Redcliffe da ke kusa.

Ƙaton farin gida ne na James Henry Hammond, wanda ya yi gwamnan jihar ya kuma yi sanata, shi ne ya miƙe a majalisa a 1858 ya ce auduga ce sarki, ba mai iya yaƙarta. Ta hanyar aure ya mallaki gonar Silver Bluff a 1831, da bayi 147 a cikinta. Yanzu gwamnatin jiha ke kula da gidan, kuma a bayansa ɗakunan bayi na katako suna nan tsaye. Na leƙa ɗaya, duhu da warin tsohon itace, haske yana shigowa ta tsagar alluna. Hammond mutum ne mai rubuta komai, kuma masaniyar tarihi Drew Gilpin Faust ta bi littattafansa ta nuna yadda taron addu'ar bayinsa ya tsaya masa a wuya. Ya hana su taruwa da dare, ya hana baƙar fata yin wa'azi, ya kawo musu farare masu wa'azi, har coci ya gina musu na Methodist don ya riƙa sa ido. Bayan shekaru sai ga shi yana sake ƙorafi kan abu guda.

Ƙorafin nan nasa, a wurina, shi ne rajistar ikilisiyar a wancan zamani. Mutanen da doka ta hana a koya musu rubutu ba su bar littafin baiko ko jerin dikononi ba, maƙiyinsu ne ya shaida cewa ba su daina ba. Masana suna iya gardama kan ko zaren ya tsinke tsakanin gidan niƙan Galphin da majami'ar yau. Ni da na fito daga ɗakin nan gardamar ba ta dame ni ba.

Da la'asar muka sake haye kogi zuwa Ogasta. Jesse Peter, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, shi ya tattara waɗanda suka rage bayan yaƙi, kuma daga hannunsa cocin Springfield ya fito a wannan birni. Har yau Springfield da Silver Bluff da First African Baptist na Savannah kowanne yana cewa shi ne babba. Tsohon ginin katako na 1801 yana nan kusa da na jan bulo. A Springfield aka buɗe wata 'yar makaranta a 1867, wadda ta koma Atlanta ta zama kwalejin Morehouse, inda Martin Luther King ya kammala a 1948.

Ba nisa daga nan, a cocin Baptis na farare, aka kafa Southern Baptist Convention a 1845, bayan Baptis na jihohin arewacin Amurka sun ƙi yarda mai bayi ya zama ɗan mishan. Ita ce ƙungiyar da ta aiko mana Bowen, kuma sai a 1995 ta fito fili ta nemi gafara kan bauta. Na tambayi Kawu ko hakan bai rage masa ganin girman Bowen ba. Ya ce a'a, mutumin ya sha zazzaɓi ya binne ɗiyarsa a ƙasar Yarbawa, wannan ba wasa ba ne, amma a faɗa wa yara labarin duka biyu. Muna shan mai kafin mu kama hanya ya ce cocin David George yana nan a titin Regent Road a Freetown, ana sujada a cikinsa, kuma abin kunya ne a ce dukanmu biyu mun ƙetare teku zuwa nan ba wanda ya taɓa zuwa Saliyo.