Mai Ciwon Hanji Da Miyar Alayyahu

Akwai wani yayana da aka yanke wa wani ɓangare na ƙaramin hanji bayan taifot ta huda shi. Ya tashi, amma gudawa mai maiƙo ta ƙi barinsa, daga baya kuma sai ga tsakuwar ƙoda. Wani likita a Azare ne ya bayyana mana abin da ya haɗa hanji da ƙoda.

A cikin alayyahu, yakuwa, gyaɗa da riɗi akwai wani sinadari da ake kira okzalet. A jikin mai lafiya, kalsiyam ɗin da ke cikin abinci ne yake kama shi a hanji, su fita tare a bayan gida. Amma hanjin da aka rage, ko wanda ya daɗe a kumbure, ba ya tsotse mai sosai. Sai man ya ƙwace kalsiyam ɗin, okzalet ya zauna shi kaɗai, babban hanji ya tsotse shi zuwa jini, ya je ƙoda ya dunƙule. Ga zafin watan Afrilu, ga gudawa tana ƙarar da ruwan jiki.

Shi ya sa nake jin takaici idan aka hana mai tsakuwa shan nono. Nonon da aka cire wa mai, a sha shi tare da abinci, taimako yake yi, ya ma fi kindirmo dacewa da irin wannan mara lafiya. Ganye kuwa a tafasa a zubar da ruwan farko, a rage soye-soye, a sha ruwa har fitsari ya yi fari. Wanda aka taɓa yi wa aikin hanji, in ya ji ciwon kwiɓi mai tsanani ko ya ga jini a fitsari, ya nemi a yi masa hoton ƙoda.